Kusurwar Hagu

Ƙarfe uku na dare a Burnie,
iskar teku na jijjiga gilashin taga.
Ni ce mai jinya a bakin aiki,
sai tsoho Ambrose Pybus a gado na tara,
manomin tuffa, mai tari kamar ana faskare.

Dakta Imogen Triffitt, kwananta biyu da zuwa daga Hobart.
Ta san aikinta, ba na musu.
Amma baƙo, ko da ido, makaho ne.
A can inda ta baro,
maganin da jikin mutum ya ƙi
a saman takarda ake rubuta shi, kusurwar hagu.
Mu kuwa mun tura shi bayan shafi,
ƙarƙashin lambar wayar dangi.
Ta duba sama, ta ga wayam,
ta rubuta fenisilin, ta wuce gado na gaba.

Na riga na zuƙo shi a sirinji.
Ba wayona ne ya tsayar da hannuna ba.
Tsohon ne ya buɗe ido ɗaya, ya ce,
“Yarinya, ba shi ne ya shaƙe min maƙogwaro ba
shekarar da ƙanƙara ta cinye min gona?”

Da barci ya riga ya sace shi fa?

Da safe aka shiga neman mai laifi.
Na ce, ku bar likita, ku kama takarda.
Na baza su a tebur kamar karta:
ta ɗakin tiyata daban, ta ɗakin yara daban,
kowa da zanensa kamar zabuwa.
A wata, ɗigon da ke raba ɗaya da goma
ya faɗa kan layi, ya ɓace.

Aka yi ta zama, shayi na hucewa.
Babban likitan ƙashi ya ce
shekara talatin yana rubutu yadda ya ga dama,
bai kashe kowa ba.
Mai harhaɗa magani ta ce, “Da saninka.”
Ɗakin ya yi tsit.

Yanzu takardar ɗaya ce.
Sunan magani cikakke, babu gutsurewa,
awo a gidansa, lokaci a nasa,
sa hannu a inda za a iya karanta shi.
Ba ta warkar da kowa,
ba ta hana gajiya, ba ta ƙara mana hannu.
Har yau muna kuskure, sai dai yana wuyar ɓuya.

Ambrose ya rasu bara, a gidansa,
tsufa ne ya kai shi.
Ɗansa na kawo mana kwandon tuffa duk kaka.

Jiya da dare na ga wani sabon likita,
ido ja, yana hamma,
ko sunana bai gama riƙewa ba.
Kafin alƙalami ya taɓa takarda
yatsansa ya tafi kusurwar hagu da kansa,
kamar mai laluben makunnin fitila
a ɗakin da ya girma a ciki.