Waya Ta Fita, Waya Ta Shigo

Shagona yana bayan kasuwar Duitama,
inda sanyin duwatsu ke shigowa ta ƙasan ƙofa
ya zauna a gwiwata kamar mai bin bashi.
Shekara arba'in da ɗaya ina jan waya,
siririya, ta ƙarfe, daga hannun keke zuwa ƙafar baya.
In ta saki, in ɗaure. In ta yi tsatsa, in sauya.
Yatsuna kan san ciwonta kafin ido ya duba.

Ran Alhamis Yeimy Sanabria ta turo kekenta,
ta jingine shi, ta hura tafin hannunta.
Ta ce, "Don Efraín, giyar lantarki na saya,
ta hannu ce, wajen wani likitan haƙori a Tunja
da ya gaji da hawan tudu. Lahadi akwai tsere."

Na leƙa, ba waya. Na shafa, ba waya.
Ta zaro wata daga aljihu, mai fasasshen gilashi,
ta ce, "Ga ta nan."
Waya ta fita, waya ta shigo,
sunan ne kaɗai ya ƙi barin shagona.

Batirin bai kai akwatin ashana ba.
Muka danna, muka riƙe,
har koriyar fitila ta soma ƙiftawa,
maɓallin hannu ya gai da na'urar baya, ta amsa,
kamar maƙwabtan da aka sulhunta.
Sai manhaja ta ce ita sai an sabunta ta.
Sittin da uku cikin ɗari, ruwa ya kece bisa kwano,
layi ya ɗauke.
Muka sha ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku,
muna kallon lamba ɗaya kamar masu jinya.

Nan Wílmer, ɗan ƙanwata, ya faɗo a jiƙe,
shi da jita-jitar kamfani ba sa rabuwa:
wai sabuwa na tafe kafin Kirsimeti,
wai faifan haƙora goma sha uku,
wai an rage mata nauyin ƙwai guda,
wai caji ɗaya, wata biyu.
"Da kin jira," in ji shi.
Bara ma haka ya ce wa kansa.
Nasa keken na rataye a bangona,
taya ta sace, gizo-gizo ya yi masauki a sirdi,
yana jiran wadda ba za a haifa mata ƙanwa ba.
Yeimy ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Tudun Lahadi bai san Kirsimeti ba."

Layi ya dawo. Ɗari.
Allo ya ce komai daidai.
Na juya feda da hannu, na sunkuya,
na kai kunnen da shekaru suka rage mini.
Zuuu, ƙas. Zuuu, ƙas.
Sarƙa na hawa, tana sauka, ba gardama,
sai a faifai na huɗu, wani ɗan gunaguni,
ƙis-ƙis, ɓera cikin buhun masara.
Na ce, "Matsa ta ciki, ɗaya." Ta taɓa gilashi.
"Ƙara." Ta ƙara.
"Kin zarce, dawo."
Shiru.
Irin shirun da nake sayarwa tun ina saurayi.

Ban karɓi kuɗin sifana ba, don ban taɓa ta ba.
Na kunne na karɓa.
Na manna takarda a hannun keken: Asabar, caji.

Lahadi na tsaya a kwanar gonakin dankali,
na ƙudundune cikin bargon ulu,
gajimare ya sauko har tsakiyar hanya.
Ta wuce, ta tara ko ta goma, baki buɗe,
ba ta gan ni ba.
Na dai ji ƙas ɗin nan, sau ɗaya, tsaf,
ta miƙe bisa feda, farin ya haɗiye ta.

Akwatin wayoyina na nan ƙarƙashin tebur,
saura goma sha bakwai.
Mai kawo madara zai zo Litinin.
Kekensa har yanzu yana jin yarensu.