Duron Kakana

A tsakar gidanmu na Fagge, ƙarƙashin indararo,
akwai duron da ya girmi ubana.
Tsatsa ta cinye masa baki,
maƙeri ya yi masa faci har sau uku,
amma in ka jiƙa hannu ka shafi gefensa
farin tauraro zai leƙo
kamar mai jin kunyar suruki.

Kakana Tanimu ya mirgino shi daga filin jirgi
shekarar da aka ce yaƙi ya kwanta.
Shi ne ribar damina uku,
shi da tari, da kunnen da ya daina ji.

Ya ce a lokacin sama ba ta hutawa.
Jirage su taso daga Ankara da ƙishirwa,
a shayar da su mai, su miƙe gabas,
kaji su gudu su bar ƙwai,
jakuna su tsinke igiya.

Cikin Amurkawan akwai wani Wilba,
lebura na ce masa Dogo Mai Sifana.
Yaro ne, gemunsa bai gama shawara ba,
rana ta dafa shi jawur kamar tattasai.
Hausarsa duka "sannu" ce da "kawo mai",
Turancin kakana bai kai haka ba.
Da wannan suka yi abota.

Wata azahar, a inuwar fiffike,
ya zaro hoto daga aljihu:
mace da gilashin walda, hannu baƙi ƙirin.
Ya dafa ƙirjinsa. Akawu ya fassara saura:
uwarsa ce, ta bar gonar masara
tana ɗinke cikin jirgin ruwa da wuta.
Sukari a gidansu sai da awo,
ƙanensa na bin ƙofa-ƙofa da amalanke
yana tara tsoffin tukwane a kai wa yaƙi.
Kakana ya nuna hanyar tasha da haɓa,
inda gyaɗarmu ke jiran jirgin ƙasa:
mu ma ga namu can.

Ranar wata Laraba ya hau jirgin
da shi ya ɗaure wa noti da hantsi.
Ya miƙo sifana, ya ce a riƙe masa.
Ba a dawo karɓa ba.

Sai ga labari a bakin kasuwa:
an saki abu ɗaya daga sama,
gari guda ya koma toka,
bayan kwana uku an ƙara.
Aka kwana ana kiɗa a bariki.
Kakana ya tsaya da buta, bai gama alwala ba,
ya ce wa liman, "Hannun matar nan,
shi ma da shi a ciki?"
Liman ya daɗe yana duban ƙasa,
ya ce, "Tanimu, sahu ya cika."

Masu nasara suka naɗe tanti.
Masu karanta jarida suka ce
har garuruwan abokan gaba sun taya ginawa.
Ɗanjuma, ƙanen kakana, ya dawo daga Bama
da lambar tagulla, da sanda a madadin ƙafa.
Mu abin da yaƙi ya bar mana
mun san yadda muka yi da shi:
gwangwani ya zama fitila,
taya ta zama takalmi,
duro ya koyi tarar ruwan sama.

Yau 'yata Hadiyya ke ɗiba a ciki
tana wanke safar makaranta,
jirgin alhazai na ratsawa bisa kanta,
ko ɗaga ido ba ta yi.

Ranar rabon gado an ware sifana gefe,
domin tsohon ya faɗa tun da bakinsa:
"Wannan ajiya ce, ba tawa ba."
Tana ƙasan adaka, a naɗe cikin tsumma,
duk sallar layya ina shafa mata mai.
In akwai wanda ya rage a zuriyar mai walda,
ya sauka a Fagge, ya tambayi kowane yaro
gidan Tanimu Mai Duro.