Jikar Maɗori

Kakana Nomau maɗori ne.
In ɗan kokawa ya faɗi a fage, ƙashi ya ce ƙas,
a amalanke ake kawo shi zaurenmu na Bagalam.
Tsoho ya tofa, ya ja, ya jera kara ya ɗaure,
ƙato mai laya goma yana kiran uwarsa.
Ni ce mai riƙe ƙwaryar man shanu.
Mace kuwa, ban ga an kawo ba,
sai wadda santsi ya kayar a bakin rijiya.

Yau ga ni a gefen fili
da ƙanƙarar dala arba'in
daga gidan da wutarsu ba ta ɗauke ba,
da bandeji, da almakashi,
da littafin da nake rubuta gwiwoyi a ciki.
Shekarar da na dawo daga karatu a Yamai
su huɗu ne, suna gudu tun da duhu
don kada ƴan kabu-kabu su raka su da ihu.
Bana na ƙirga talatin da bakwai,
har da ƴar Jiratawa mai zuwa a keken wanta.

Cima ta fi su.
Mita ɗari takwas, kallabi tamau,
tana taka ƙasa kamar ba ta so ƙasar ta sani.
Ran Laraba, a kwanar ƙarshe,
idon sawunta ya juya.
Ba ta yi kuka ba. Agogo ta tambaya.

"Ɗaure min kawai, Anti,
saura kwana tara mu tafi Dosso."
Na danna nan, ta cije leɓe.
Na danna can, ta ce ba zafi,
goshinta ya ƙaryata ta.
Na ce jijiya ba ta san ranar gasa ba.
Mako shida.
Kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Da uwarta ta zo, hannu duk ƙanshin ƙuli-ƙuli,
na shirya jin an ce gudun ya isa haka.
Sai ta zauna a kan benci, ta rage murya:
"Me ke sa ta jiri in ta tashi?"
Na ja fatar idon yarinya ƙasa: fari fat.
Wata ya zo ya karɓi nasa jinin,
gudu ya karɓi nasa,
koko da safe kaɗai ke biyan bashin.
Tambayar da Mushe Illa mai usur
ba zai iya yi ba, ko ya so,
ita muka zauna muka yi, mu uku.
Wake, zogale, hanta ran da aka samu,
da ƴan jajayen ƙwayoyi daga asibiti.

Mota ta tafi Dosso ba da ita ba.
Sahiya ta zo ta uku, aka yi guɗa a unguwa.
Cima na tsaye a ƙafa ɗaya bisa matashi,
ido rufe, tana ƙirga talatin,
tana faɗuwa a sha tara,
tana hararata kamar ni na ture ta.

Kakana kan ce ƙashi ya fi mai shi haƙuri.
Bai ga hoton ƙashi ba har ya koma,
amma yatsunsa na cikin nawa,
kuma ƙwaryar tana nan, ƙanƙara nake zubawa.

Jiya na ce ta gwada zagaye ɗaya, sannu sannu.
Ƙanana uku suka maƙale a waya suna kallo,
ɗaya da tiren gujiya a ka.
Kowa fuskarta yake duba.
Ni sawu nake bi:
dama, hagu, dama,
hagun ta sauka daidai.
Na buɗe littafi, na rubuta kwanan wata.
Mai gujiyar ta sauke tirenta,
ta ce, "Anti, ana biyan kuɗi in za a shiga?"