Sarƙa Ta Tsinke a Dutsen Mbula

Likita ya ce sukari ya hau, in motsa jiki.
Na sayar da ragon da nake kiwo,
na sayo keken gwanjo a Wunti,
mai giya ashirin da ɗaya, uku sun mutu,
tayoyinsa da haƙora kamar kada.

Asabar, bayan asuba, muka bar Dass,
ni da Istifanus ɗan Baba Zakka,
yaron da na koya wa lissafi a aji huɗu.
Yau shi ke gaba, ni ke satar amsa.

Shinkafa ta nuna, ta sunkuyar da kai,
raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando.
Hanya ta fara da faɗin tabarma,
ta koma zani, ta koma ɗankwali,
ta koma zare
tsakanin ɗorawa da kaɗanya da marke,
inda saiwa ke sa wa baƙo ƙafa.

"Malam, rage giya!" Na rage.
Ƙirjina ya zama zugazugin maƙera,
cinyata tana ƙirga mini shekaruna,
ba ta tsallake ko ɗaya ba:
hamsin da bakwai.
Wani gwaggon biri a kan falalen dutse
ya dube ni, ya sosa ciki,
bai ga abin gudu ba.

Sai ƙas!
Feda ta juya a banza, kamar alkawarin mai bashi.
Sarƙa ta kwanta cikin ciyawa, macijin da ba ya sara.
Na saɓa keken a kafaɗa, na ci gaba.

Wata tsohuwa na saukowa da ƙwaryar ɗinya,
ba takalmi, ba haki.
Ta tsaya, ta auna ni tun daga hula:
"Sannu, ɗana. A cikinku wa ke hawan wani?"
Ta zuba mini ɗinya biyar a aljihu,
ta wuce, dutse bai ji sawunta ba.

Can sama itatuwa suka sallame mu.
Babu inuwa, babu kowa,
sai gamba tana ruku'u duk inda iska ta nufa,
sai shaho, a ƙasa da mu!
Ban taɓa ganin bayan shaho ba sai ran nan.
Dass ta zama tsabar da aka watsa wa kaji,
rufin makarantarmu kwabo ne a rana.
Shekara talatin ina ihu a cikin kwabon nan.

Istifanus ya nemo dutse da ƙusa,
ya cire gaɓa biyu, ya haɗa sauran.
"Ta gajarta, Malam, amma za ta kai mu gida."
Na tauna ɗinya, ban ce komai ba,
don na san ba sarƙa kaɗai yake nufi ba,
ko da bai san yana nufi ba.

Gangara kuwa, wayyo gangara!
Birki na kuka, tsakuwa na tsalle,
reshe ya mare ni, ban rama ba,
iska ta cika mini riga ta mai da ni tanti,
na ji wani yaro yana ihu da muryata.
A bakin rafi taya ta ce nan, ni na ce can.
Laka ta karɓe ni hannu biyu.
Na kwanta ina kallon sama,
ina dariyar da na manta inda na ajiye.

A gida Ladidi ta wanke mini gwiwa da ruwan gishiri.
"Likitan ne ya ce ka fasa ƙafa?"
Na ce a'a.
Ta ce, "To Asabar mai zuwa fa?"
Na dubi keken a jingine da rumbu,
laka na bushewa a haƙoransa,
na ce ta tashe ni da wuri.