Kanyar Bakin Tafki

Ni na sare kanyar bakin tafki,
buhu tara na gawayi ta ba ni.
Kafin kasuwar Haɗeja ta ci sau biyu
kuɗin sun bi ruwa,
kututturen na nan yana harara ta.

Bara jikata Tasalla ta ce,
"Kaka, mece ce gauraka?"
Na ɗaga sanda na nuna sama,
sama ba kowa sai hankaka.

Ran Laraba 'yan ƙungiya suka zo,
Malam Jatau riƙe da igiyar awo.
Daga goribar Ilu har gaɓar ruwa
a bar wa daji, kowa ya kawo
abin da ya samu, ko ɗari biyar,
ko ƙwarya guda ta irin gawo.

Ni ba ni da ɗari biyar.
Fadamar gado gare ni, baƙar ƙasa
mai riƙe laima har tsakar rani.
Na dangwala yatsa gaban Bulama.
Ƙanena ya ce na zautu,
shinkafa buhu ashirin nake zubarwa.
Wataƙila. Har yau ba ma gaisawa.

Da asuba nakan zaga iyaka,
na san ƙarar gatari daga nesa
kamar yadda na san tarin ɗana.

Jiya gefen kututturen nan
'yar kanya ta tsiro, ganye huɗu,
akuya ta riga ni, ta ci biyu.
Na kewaye sauran da ƙayar bagaruwa.

Gauraka ba ta dawo ba tukuna.
Tasalla ta sake tambaya,
na ce yi shiru, yarinya,
dinya ce ta sauka bayan kacala.