Tabon da Gashi Ya Rufe

Ranar Alhamis muka ɗaure riɗi a amalanke,
buhu tara, za mu kasuwar Maigatari.
Jazuli na can ƙoli yana yi wa shanu kirari.
Ni na ɗora shi da hannuna.
Taya ta faɗa rami a gangaren fadama,
na ji ƙara kamar an fasa duma,
na waiwaya, ban ga yaro a kan kaya ba.

Kwana biyu yana kwance kamar tsumma,
a na uku ya buɗe ido ya nemi koko.
Ɗinki bakwai a saman goshi.
Uwarsa ta soya waina ta raba wa maƙwabta,
muka ce an tsallake rijiya da baya.
Gashi ya tsiro ya rufe tabon,
mu ma ba mu ƙara tuna shi ba.

Kafin damina ta zagayo,
yaron da ke kwana rungume da ɗan akuya
ya murɗe wuyan 'yan tsaki shida
ya jera su a bakin murhu.
Ya fasa wa Talatu baki a kan ƙuli-ƙuli guda.
Ya kyasta ashana a gindin rumbun Ɗan'azumi
ya tsaya yana kallon wutar, ko gudu bai yi ba.

Gari ya samu abin faɗa.
Wasu suka ce iska ta shafe shi a ƙarƙashin tsamiya,
wasu suka ce jinin dangin uwa ne,
wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
ni ne na sangarta.
Na ba shi rubutu, na turara shi da hazbo,
da na gaji na karyo tsumagiya.
Na dake shi har kafaɗata ta yi tsami.
Yana kallona, ido a bushe,
kamar ba jikinsa nake duka ba.

Ƙunar hannu ta kai mu asibitin Gumel.
Likitar tana shafa kansa tana rarrashi,
sai yatsanta ya tsaya.
Ta ce, wannan fa, yaushe?
Ta ce, kafin nan yaya halinsa?
Shekara uku ana yi mini wa'azi a kan ɗana,
ba wanda ya yi mini wannan tambaya.
Na buɗe baki, murya ba ta fito ba.

Ta ce a bayan goshi akwai linzami,
shi ke ce wa hannu dakata.
Wani yaron ya faɗi ya tashi lafiya,
wani kuwa linzamin ne ke tsinkewa.
Fata ta haɗe, ƙashi ya haɗe,
na ciki yana nan yana jiran magani da haƙuri.
Ta dube ni ta ce, Malam Tanimu,
bulala ba ta taɓa ɗinke shi ba.

Na cusa tsumagiyar a murhu.
Yanzu tare muke ban-ruwa a lambu,
in na ga jijiyar wuyansa ta tashi
sai in miƙa masa guga, mu ƙirga kunya goma.
Wata rana a ci nasara. Jiya ya jefi jaki.
Har yau matan unguwa na janye 'ya'yansu in ya gifta.

Daren jiya muna zaune a kan tabarma
ya kamo yatsana ya ɗora a tabon,
ya ce, Baba, ran nan wa ya hau da ni kan buhunan?
Shanu na tuƙa a turke.
Har gari ya waye ban ba shi amsa ba.