Hayaƙin Goggo Tabawa

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareta na tari a bayan ɗakin kwamfuta,
ni kuwa ina ginin hayaƙi.
Bango bai ba ni wuya ba, tukunya ma haka,
suna da fata, haske ya doke su ya dawo.
Hayaƙi ba shi da fata.
Shiga cikinsa ake yi.

Sai na aiki zaren haske daga ido,
ya ratsa taki-taki
kamar mai tsallaka Kubanni da damina,
kowane taki ya tsaya ya yi tambaya:
nawa aka shanye a nan,
nawa aka karkatar,
nawa wurin ya haifa da kansa?

Na ƙara lambar watsuwa,
hayaƙin ya yi fari fat, ya zama auduga.
Na rage, ya koma tawada,
ya haɗiye madafin har da ƙofarsa.
Ishaya ya leƙo daga bencinsa, ya ce,
“Wannan ai taya ake ƙonawa a Kwangila.”
Na taɓa lambar hasken kai,
ɗigo guda ya zarce,
gida ya kama gobara,
ko muciya ba ta tsira da inuwarta ba.

Na ture madannai, na rufe ido.

Madafin Goggo Tabawa a Ƙofar Gayan,
rufin kwano mai huda uku.
Da hantsi rana kan zuro sanduna uku,
mu yi ta kai musu sara da hannu.
Ran da ba ta hura wuta ba, sandunan ba sa zuwa,
sai kwabo uku a ƙasa.
Na tambaye ta dalili.
Ba ta ɗago daga tuƙi ba, ta ce,
“Shi ma haske baƙo ne,
sai ya sami mai tare shi a hanya.”

To.
Garwashi kaɗai na bai wa hasken kansa,
kaɗan, ja kamar tauraren goro.
Hayaƙi na bar shi da aro.
Na ce wa hasken, in ka yi karo, kar ka juya baya,
karkata gaba kaɗan ka wuce,
don haka yake sa'ad da yaro ya fuskanci rana.

Hoton farko ya fito tsaba-tsaba,
kamar an watsa wa kaji gero.
Zare dubu kowane ɗigo ke nema.
Na'ura ta ce awa huɗu.
Ishaya ya girgiza jarka, ya ce man zai kai, ko ba zai kai ba.

Ya kai.
Ana sallame asuba geron ya narke,
sanduna uku suka tsaya a hayaƙi,
ƙarƙashinsu kujera 'yar tsugunno, babu kowa a kai.
Ba ni da lambar da za ta zaunar da ita.

Idona ya kawo ruwa.
Ishaya ya ce allon ne.
Na ce a'a,
ɗanyen icce ne.